Furen duwatsun Azbin da ke da dangi a tukwanen New Bell

Mai shayi a unguwar Hausawa ta New Bell ba ya rasa na'a-na'a a kan teburinsa, haka ma masu sayar da kayan miya a babbar kasuwar Duwala ba sa rasa ɗoɗɗoya, wadda mutanen gari ke kira messep. Ganyayen biyu 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana tsirrai ke kira Lamiaceae. Har tumuku da rizga duk a cikinsa suke.

Gane su ba wuya. Karan yana da kusurwa huɗu, ganyen na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, furen kuma kamar baki ne mai leɓe biyu. Ƙamshin daga wani mai yake fitowa, wanda ke tare a ƙananan ƙwayoyi a jikin ganye. Shi ya sa sai an murza ake jin sa sosai. Tsiron yana yin man ne don ya kare kansa daga ƙwari da dabbobi, ba don miyar kowa ba.

Wani ɗan dangin nan yana can tsakiyar Sahara. Sunansa Lavandula antineae, ɗan ƙaramin tsiro mai fure shuɗi da ke fitowa a tsakanin duwatsu da bakin ƙoramu a Azbin ta Nijar, da Hoggar ta Aljeriya, da Tibesti ta Chadi. Bafaranshen masani René Maire ne ya bayyana shi a 1929. Abzinawa kuwa sun daɗe suna magani da shi.

Ruwan da Duwala ke samu a shekara ya haura milimita 3,500, na Agadez ko 200 bai cika kaiwa ba. Damshin da ɗoɗɗoya ke so shi ne zai ruɓar da saiwar wannan furen, don haka ba abin dasawa a bayan gida ba ne a nan.

Can ma ba ko'ina yake yi ba, sai kan tuddai inda ake samun ɗan sanyi. Gandun Azbin da Tenere ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka aka saka shi cikin wuraren da ke fuskantar barazana saboda rikicin tawaye. Fari da yawan kiwo da saran itace na ci gaba da matsa wa tsirran yankin.