Zafi da ambaliya a shekara guda: ƙasa ma tana da hannu

Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, ake ta nanata wata magana: wai ai shekarar zafi ce, ƙasa tana jin ƙishirwa, da ya kamata ta shanye ruwan. A watan Afrilun 2024 zafi ya kai maki 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, ana tsakiyar azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu. Mutane suna ɗaukar waɗannan masifu biyu kamar ba su haɗa hanya ba. Wannan fahimta ce take damuna.

Mun saba ganin ƙasa a matsayin mai karɓar abin da sama ta sauke mata kawai. Alhali kuwa ita ma tana mayar wa sama martani. Dubi tukunya a kan murhu: muddin da ruwa a cikinta, ƙarfin wutar yana tafiya wajen mayar da ruwan tururi, tukunyar ba ta ƙonewa. Da ruwan ya ƙafe, sai wuta ta koma kan ƙarfen. Haka rana take yi da gona. In da laima da ciyawa da gawo, yawancin zafin yana ƙarewa wajen ɗaga tururi. In fili ya bushe ƙayau, zafin kai tsaye yake shiga iska, iskar ta ƙara busar da ƙasa, ƙasar ta ƙara dafa iska. Haka fari da zafi suke ciyar da juna.

Ga inda abin ya fi ban mamaki. Masana a Ingila ƙarƙashin Christopher Taylor sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na yankin Sahel, suka ga hadari ya fi son tashi a kan busasshen fili da ke maƙwabtaka da wanda ya sha ruwa jiya ko shekaranjiya. Iska mai zafi ta tashi sama, mai laima ta kwararo daga gefe ta cike gurbin, sai gajimare ya haɗu. A 2017 kuma suka wallafa cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun daga 1982, saboda hamadar Sahara tana ƙara ɗumi.

To ruwan ya sauka a kan me? Duk manomi ya san fako. Ƙasar da aka sare itatuwanta don gawayi, dabbobi suka tattake, rana ta gasa, fuskarta takan daskare, ruwa ya zame ya nufi kwari da gari. Can kuma ya tarar da kwalbati cike da leda, da gidaje a kan hanyarsa, da madatsar Alau da ta taɓa yin ambaliya tun 1994.

Manoman Maraɗi da Tawa da suke barin gawo ya tsiro a gona, suke haƙa ramukan tassa da rabin wata don tare ruwan sama, sun riga ofisoshi gane wannan. A wajen hukuma kuwa, har yau mai kula da fari daban, mai rabon tabarma da shinkafa bayan ambaliya daban, kuma hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa kowace shekara da wuya ya isa kunnen mai bayar da izinin gini.