Taki Mai Riga

Dukanmu mun san yuriya, farin takin zamanin nan mai kama da gishiri. A buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na abincin shuka wanda ake kira naitirojin. Shi ke sa ganyen masara ya yi kore shar.

Amma yuriya tana da aibu guda. Da ta sha ruwa sai ta narke duka. Ƙaramar shuka ba ta iya shanye ta rana ɗaya. Wani kashi ruwa ya kai shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Wani kashi ya bi iska. Sau da yawa rabin abincin ba ya amfanin shuka. Kuɗin manomi ke nan ya tafi a banza.

Da masana suka ga haka, sai suka yi wa kowace ƙwayar taki riga. Ruwa yana ratsa rigar a hankali, abincin kuma yana fitowa kaɗan kaɗan har makonni. Uwa ba ta ba jariri abincin wata guda a rana ɗaya. Haka ita ma shuka. In tana samu a kai a kai, sai kara ya yi ƙarfi, ganye ba ya saurin yin ɗorawa, zangarniya ta cika.

A Amurka, wajen shekarun 1960, aka yi rigar da farar wuta. Aka kuma yi ta da roba. Ta roba tana aiki, amma ba ta ruɓewa. A Japan, ɓawonta yakan fita daga gonakin shinkafa, ya bi rafi har teku.

Saboda haka yanzu masana suna gwada rigar da za ta ruɓe, kamar ta sitacin rogo ko na masara. In takin ya ƙare, ƙananan halittun cikin ƙasa su cinye rigar, gona ta zauna da tsabta. Wuyar aikin ita ce kada rigar ta ruɓe tun takin bai gama aiki ba.

A Indiya kuwa, tun shekarar 2015 gwamnati ta ce a shafe yuriya da man darbejiya, itacen nan da muke shan inuwarsa. Man yana rage saurin lalacewar takin a cikin ƙasa.

Taki mai riga ya fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. To, kafin ya zo mana, mu yi aikin rigar da hannunmu. Mu raba yuriya kashi biyu, mu sa ɗaya yanzu, ɗaya bayan 'yan makonni. Mu tona rami kusa da gindin shuka, mu zuba, mu rufe. Kada mu watsa ta a fili. Kada kuma mu bar takin gida.

Tambayoyi
1. Ina yuriya take tafiya in ta narke?
2. Mene ne aibun rigar roba?
3. Don me za mu rufe taki da ƙasa?