Me ke Kashe Kyarana a Bompai?

Rassan kyarana uku wata maƙwabciyarmu a Bompai ta sayo wajen masu sayar da furanni a bakin titi, cikin watan Agusta, kuma duka ukun hanya ɗaya suka bi. Kusan mako biyu suna tsaye kore shar, sai gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, reshen ya kife. In an matsa wurin, ruwa mai wari ke fita. Abin da ɗaure kai, domin tsiro ne da ke rayuwa a fako da tsakanin duwatsu, babu mai kula da shi.

Gara aka fara zargi. Da aka zazzage ƙasar bokitin da aka dasa su a ciki ba a ga ko ɗaya ba, kuma ita gara ci take yi, ba ta narkar da abu. Sai aka koma kan ruwa. Duk wanda ya san Bompai ba zai ga laifin wannan zato ba, tunda rafin Getsi ya daɗe yana kwasar dagwalon masana'antun yankin zuwa Jakara, kogin Challawa kuma na karɓar na majemun Sharada da Challawa. To amma ruwan burtsatse ake zuba wa kyaranar, shi ne kuma zogale da na'ana'ar da ke gefenta ke sha, ga su lafiya lau.

Zazzagewar nan dai ta nuna wani abu da aka tsallake da farko: babu saiwa ko zare ɗaya, bakin yankan kuma a jiƙe yake. Maigadin gidan, dattijo da ya yi noma shekara da shekaru kafin ya shigo birni, ya juya reshen ya ce, "Hajiya, yaushe aka yanko, yaushe kika binne?"

"Duk rana ɗaya, Baba."

Ya ce a ƙauye ba a shingen aguwa da damina. Aguwa da kyarana da tinya dangi ɗaya ne, duk masu farin nono. Manomi yana sare rassan aguwa ne da bazara, ya jera su a busasshiyar ƙasa, kafin ruwa ya sauka sara ya warke. Haka ake yi a Nijar da Muritaniya inda ake dasa ta don tare yashi. Reshen da bai yi saiwa ba kusan ba ya shan ruwa, da ajiyar jikinsa yake rayuwa. Duk ruwan da aka zuba masa a bakin ɗanyen rauni yake taruwa, ƙwayoyin ruɓa su samu ƙofa.

Saura bokitin. Na fenti ne, ba a huda gindinsa ba, an cika shi da baƙar ƙasa da kashin shanu, ana ban ruwa safe da yamma, ga Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a Kano. Kulawar da za ta raya dashen mangwaro ita ta halaka kyarana, kuma ina ganin hakkin mai sayarwa ne ya faɗi wannan kafin ya karɓi kuɗi.

Reshe na uku samansa da sauran ƙwari. Aka yanke shi da wuƙa mai tsabta can sama da ruɓar, har aka tarar da tsoka mai haske babu tabo. Aka ɗauraye nonon da ruwan sanyi, aka barbaɗa garin gawayi, aka jingine shi a inuwa wajen mako biyu, sai da bakin ya bushe ƙayau. Sannan aka dasa shi a tukunyar ƙasa mai huji, cikin yashin rafi da tsakuwa, ba da zurfi ba, aka tokare da duwatsu a ƙarƙashin rumfa, mako guda ba ruwa. Bayan wata guda da 'yan kwanaki aka ɗan ja shi, ya ƙi tasowa. Yanzu sai yashin ya bushe har ƙasa ake shayar da shi, da hunturu ma a ƙara ragewa.

Nonon nan kuwa guba ne. Yana ƙona fata, yana iya lahanta ido, na tinya ya fi muni. A sa safar hannu ko leda wajen yanka, a ɗora tukunyar inda yara ba sa kaiwa. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a nufi asibiti nan take.