Kuɗin mai hoto, da hoton da ba a ɗauka ba

A bara, lokacin da ake shirin aurar da 'yar yayata a Kano, aka miƙo mini takardar lissafin hidima domin in duba, wai ɗan boko ya fi iya ƙididdiga. Na bi ta layi-layi: kayan ɗaki, gara, hayar zauren taro, abinci, mai kwalliya. Da na iso kan mai hoto sai na tsaya. Naira dubu 600 aka rubuta, na kwana uku: kamu, ɗaurin aure da walima, sai dina. Sadakin yarinyar bai kai sulusin wannan ba. Na ce, "Yaya, wannan mai hoton har da fili zai ba ku?" Ta yi dariya ta ce ai rangwame aka yi musu, ƙawar amarya ta biya kusan ninki biyu.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne cuta ce tsagwaronta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, tun daga Yulin 2024, naira dubu 70 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da wata takwas yana aiki kafin ya tara abin da saurayin nan zai karɓa a kwana uku. Da wannan fushi na je shagonsa, amma ban fito da shi ba.

Babu ko ɗaya daga cikin kayan aikinsa da ake ƙerawa a Nijeriya. Kyamarar Canon ko Sony, gilasanta, fitilu, batura, ɗan jirgin nan maras matuƙi da ke shawagi a kan 'yan biki, kwamfutar tace hoto, duk da dala ake shigo da su. A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. Makonni biyu kafin sakin nairar an janye tallafin man fetur, kuma mai tace hoto ba ya jiran wutar lantarki, janareta yake tayarwa. Ga yara uku da ke rufa masa baya, kowa da haƙƙinsa. Ga kwanakin da zai shafe a gaban kwamfuta bayan kowa ya watse, yana gyara haske yana share gumi daga fuskokin mutane. Sannan sana'ar tana da kaka da rani: ana rububinsa gab da azumi, bayan Sallah da ƙarshen shekara, amma a watan Ramadan sai dai ya goge kyamara ya mayar jaka. Wanda ya lissafa waɗannan da adalci zai yi wuya ya kira shi macuci.

Damuwata ta koma wani wurin dabam, kuma ba ta bayyana gare ni ba sai bayan biki. Me muka saya da wannan kuɗi?

An turo mana hotuna sama da 800 ta intanet, da ɗan bidiyo na minti ɗaya mai kiɗa. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Amarya ta fito a kaya kala biyar, ƙawaye cikin anko sun jeru kamar an auna su da igiya, an ɗauki takalmi, an ɗauki zanen lalle, har kwalbar turare ta samu nata hoton. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman mahaifiyarmu, kakar amarya, wadda ta raine ta tun daga yaye. Babu ita. Ba ta zuwa zauren taro, kuma ranar kamu tana can ƙuryar ɗaki tare da tsofaffi 'yan'uwanta da suka zo daga ƙauye, wasu ma rabonsu da haɗuwa ya fi shekara goma. Wata huɗu bayan bikin Allah ya yi mata rasuwa. Da jikoki suka nemi hotonta na ƙarshe, na fasfon aikin Hajji muka ba su.

Ban ɗora wa mai hoto laifi ba, domin babu wanda ya ce masa ya shiga ɗakin. Shi ya ɗauki abin da ya san ana nema ne, kuma abin da ake nema a yau shi ne wanda zai yi kyau a Instagram da TikTok. Laifin namu ne. A zamanin da fim ɗaya ke ɗaukar hoto 36 kacal, kowane latsawa kuɗi ne, don haka kafin mai hoto ya iso an riga an san waɗanda za su tsaya: iyaye, kakanni, waliyyi, gwaggo da kawu. Hotunan auren iyayenmu ba su cika tafin hannu ba, wasu ma a ɗakin ɗaukar hoto na Sabon Gari aka yi su kwanaki bayan biki, amma ga su nan a bango har yau, kuma duk wanda ke ciki an san sunansa. Da ƙarancin ya kau, sai zaɓen ma ya kau tare da shi. Hoton biki ya tashi daga abin da ake ajiye wa jikoki ya koma abin da ake nuna wa baƙi a cikin mako guda.

Nuna wa baƙin nan shi ne ke hura wutar farashi. Uwar amarya ba ta gwada bikin 'yarta da na maƙwabta kawai ba, tana gwada shi da na 'ya'yan manya a Abuja da take gani a waya. Ana cin bashi, ana ɗaukar adashi tun bai zagayo ba. A jihar da gwamnati ta ɗauki nauyin aurar da ma'aurata kimanin 1,800 a Oktoban 2023 saboda hidimar aure ta gagari talaka, ya kamata wannan gasa ta dame mu fiye da yadda take damunmu.

Akwai kuma batun da ko 'yan boko ba su cika tambaya ba: hoton na waye? Kafin a turo mana namu, fuskar amarya ta riga ta hau shafin mai hoto a matsayin talla, kuma angon bai ji daɗi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar mallakar hoto a hannun wanda ya ɗauka, sai in an yi wata yarjejeniya, amma ta ba wanda ya sa a ɗauki hoton don amfanin gida damar hana a yaɗa shi. Mu kuwa ba mu rubuta komai ba. Cinikin dubu 600 aka ƙulla da saƙon murya a WhatsApp: babu ranar miƙa aiki, babu adadin hotunan da za a wanke, babu maganar tsawon lokacin da zai ajiye na asali. Yayata ta sauke nata a waya, wayar ta faɗa ruwa, da muka koma wurinsa ya ce ya share don ya samu wurin zuba na wani bikin. Waɗanda suka tsira su ne 40 ɗin da aka wanke a kundi.

Watan jiya ƙanina ya zo da maganar auren 'yarsa. Ban ce masa kada ya ɗauki mai hoto ba, ban kuma nemi ragi ba. Mun rage kwanakin daga uku zuwa ɗaya, muka rubuta yarjejeniya a shafi guda kowa ya sa hannu, muka ware kuɗin wanke hotuna tun kafin a biya na jirgin shawagi, wanda daga baya ma aka soke shi. Sannan na zauna da matarsa muka rubuta sunaye 14 na dattawan gidan biyu, muka ce da mai hoto ya fara zuwa gida da hantsi, kafin mai kwalliya ta iso. Ya dubi takardar ya ce a shekarunsa na sana'a ba a taɓa miƙa masa irinta ba, ya tambaya ko tsofaffin za su yarda su fito tsakar gida, don hasken ɗaki ba zai ishe shi ba.