Takunkumin Amurka a kan uraniyom na Rasha: me ya shafi Arlit?

A karkara kowa ya san takunkumi. Shi ne abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya ci amfanin gona. Tsakanin ƙasashe ma akwai takunkumi. Idan wata ƙasa ta ce ba za ta saya daga wata ba, ba za ta kuma sayar mata ba, to ta sa mata takunkumi ke nan. Ana yin haka don a matsa mata ba tare da an harba bindiga ba.

Mafarin zancen

Ran 24 ga Fabarairu 2022 sojojin Rasha suka shiga ƙasar Yukren da yaƙi. A watan Maris na wannan shekara Amurka ta hana sayen man fetur da gas da gawayin ƙasa na Rasha. Amma ba ta taɓa uraniyom ba. Me ya sa? Domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar lantarkin Amurka daga uraniyom yake fitowa. Kuma a lokacin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tataccen uraniyom da take ƙonawa daga Rasha take sayo shi.

Sai ran 13 ga Mayu 2024 shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar hana shigo da shi. Dokar ta fara aiki a watan Agusta 2024, za ta kai har 2040. Duk da haka an bar ƙofa: kamfanin da ya rasa inda zai samu yana iya neman izini har ƙarshen 2027. A watan Nuwamba 2024 Rasha ta rama, ta taƙaita sayar wa Amurka.

Gero da gari

Mai karatu zai ce: in an hana na Rasha, ai na Arlit zai samu kasuwa. A nan sai an lura. Uraniyom kamar gero yake. A Arlit ana haƙo dutse, a farfasa shi, a fid da wani gari rawaya. Wannan kamar sussuka ce. Saura niƙa, wato a tace shi a manyan masana'antu kafin ya ba da wuta. Ƙasashe kaɗan ne ke da irin wannan injin niƙa, Rasha ce kuwa ta fi kowa. Nijar ba ta da shi. Abin da Amurka ta rasa niƙaƙƙe ne. Shi ya sa ta ware dala biliyan 2.7 don ta gina nata masana'antun.

Kuɗin garin rawaya dai ya hau. A farkon 2022 laba ɗaya, wato ƙasa da rabin kilo, tana wajen dala 43. A watan Janairu 2024 ta haura dala 100. Tsoron yaƙi na cikin dalilan, haka ma ƙarancin haƙa a wasu ƙasashe.

Arlit ba ta ci wannan kasuwa ba

Kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe tun ran 31 ga Maris 2021, domin ma'adinin raminsa ya ƙare. SOMAÏR, wanda ke aiki tun 1971, shi ya rage. Shi ma wani takunkumi ya same shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki da Nijar. Hanyar uraniyom kuwa ta Tawa da Doso da Gaya ce, zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Kayan aiki suka daina zuwa, garin rawaya ya kasa fita. CEDEAO ta ɗage takunkumin ran 24 ga Fabarairu 2024, amma iyakar Benin ba ta buɗe ba a lokacin. A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa.

Idan aikin ma'adini ya tsaya, ba leburan kamfani kaɗai ke ji ba. Direban babbar mota da mai tuwo da mahauci da masu lambun da ke kawo albasa daga Abzin, duk cinikinsu na raguwa. Tsadar uraniyom a kasuwar duniya ba ta isa aljihun mutumin Arlit sai akwai hanyar fid da kaya da mai saye.