Allurar Rago da Kwanakin Jira

Wannan bayani domin masu kiwon tumaki ne na Khaddamari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere, da ƙauyukan da ke kai dabbobi Kasuwar Shanu ta Maiduguri, musamman masu turke ragunan Balami saboda Babbar Salla.

Idan aka yi wa rago allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin ba ya tsayawa a tsokar da aka soka. Jini ne ke ɗibarsa kaɗan kaɗan, ya kai shi huhu da hanta da ƙoda, har cikin nono in tunkiya ce. Oksitetirasaikilin mai dogon aiki, wanda akan ba da mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, da gangan aka haɗa shi don ya yi kamar kwana 3 yana aiki. Har ƙashi yake kamawa.

Wanda ake ɗurawa ta baki kuwa bai cika dacewa da babban rago ba. Tumbinsa cike yake da ƙananan halittu masu narkar da harawa, maganin yakan hallaka su, sai a ga rago ya daina tuƙa.

Fitar magani ta fi shigarsa jinkiri nesa. Ƙoda ke tace wani kashi, ya bi fitsari. Saura hanta ke zubawa cikin madaci, ya gangara hanji. Ragon da ƙishirwa ta kama a zafin bazara, fitsarinsa yakan ragu, saboda haka maganin ya ƙara daɗewa. Haka nan wanda aka ninka wa allura, ɗabi'ar da ta yi yawa a wurin masu gaggawar ƙiba.

Wannan shi ne dalilin kwanakin jira da ake rubutawa jikin kwalba, watau kwanakin da ba a yanka dabba a cikinsu. Ga mai dogon aiki yawanci mako 3 ne zuwa 4. Dafuwa da gashi ba sa kawar da ragowar maganin duka. Iyalin da ke yawan cin irin wannan nama, ƙwayoyin cutar jikinsu suna iya sabawa da magani, ran da yaro ya kwanta a ba shi, ya ƙi ci.

Lalle ne mai kiwo ya rubuta ranar allura, ya ƙidaya daga nan, ya kuma gaya wa mai saye gaskiya. Kada a sayi kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC. In rago ya yi ciwo ana saura mako 2 Salla, a nemi likitan dabbobi kafin a taɓa sirinji.