Basan na ruwa a gida: litir nawa zai ci kafin a kira maso?

Da zarar bazara ta kama, a Damagaram da Tawa da wasu unguwannin Yamai pampo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, shi ya sa magidanta da dama ke gina basan na siminti don tara ruwa. Sau da yawa rigima da maso kan taso bayan an gama aiki: mai gida ya biya kuɗin basan mai cin litir 8000, sai ya tarar ruwan da ya shiga bai kai haka ba. Lissafin da zai hana wannan rigima yaran firamare ma na yin sa a lakol.

Basan mafi sauƙin lissafi shi ne wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ɗaya ne, siffar da ake kira kib. Don sanin abin da zai ci, ana ninka tsawon gefe ɗaya da kansa, a sake ninkawa. Gefe metir 1: 1 × 1 × 1 ya ba da metir kib 1, wato litir 1000. Shi ne ma'aunin da kontar ke ƙirgawa kuma ake rubutawa a faktir ɗin ruwa, daidai da bido 40 masu cin litir 25, ko tano 5 masu cin litir 200.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne idan gefen ya canza. In an mai da shi metir 2, ruwan ba litir 2000 ba ne: 2 × 2 × 2 takwas ne, litir 8000. Haka nan ƙaramin basan mai gefe santimetir 50 ba rabin metir kib yake ci ba, litir 125 ne kacal.

Mai gida kuwa yakan fara ne daga ɗaya ɓangaren: ya san ruwan da yake so, gefen ne bai sani ba. A ɗauki gida mai mutum 10, kowa na amfani da litir 20 a rana. Litir 5000 za su kai su kwana 25. Ana neman lambar da in an ninka ta da kanta sau uku za ta ba da 5. Raba ta uku kuskure ne babba: wanda ya raba 8 gida uku ya haƙa metir 2,67 a kowane gefe, ramin da ya samu ya kusa metir kib 19, ga asarar siminti da bulo. Gwaji ake yi. Metir 1,5 na ba da litir 3375, bai isa ba. Metir 1,8 na ba da 5832, ya wuce. Metir 1,7 na ba da 4913, saura kaɗan. Amsar ita ce metir 1 da santimetir 71. Kalkiletar wayoyi da yawa na da alamar ∛ da ke fitar da ita nan take.

Sai dai duk waɗannan awon na ciki ne, kuma nan ne tushen yawancin gardama. Basan mai metir 2 daga waje, da aka gina da bulo mai kaurin santimetir 15, cikinsa metir 1,7 ne a tsawo da faɗi. Ko da zurfin ya cika metir 2, litir 5780 zai ci, tun ba a cire kaurin shafe ba. Ya kamata a faɗi awon ciki a fili, a rubuta shi tun ranar ciniki.

Ga masu tunanin ɗora shi a saman ɗaki: metir kib 1 na ruwa nauyinsa tan 1 ne, ban da nauyin simintin kansa.